Shekarar da Wuri Ya Cinye Gero

A zamanin Sarki Jangarau, Birnin Kwatarma yana da abubuwa biyu da suke tsone wa maƙwabta ido. Na farko rumbunan tsimi na sarauta, waɗanda suka jeru a bayan fada, ba a taɓa su sai shekarar fari ko ta yaƙi. Na biyu Mashigin Kada, hanya ɗaya tak da runduna za ta iya bi ta ƙetare gulbi ta shigo ƙasar daga kudu. Rumbunan suna hannun Ma'aji Nomau, mashigin kuwa yana hannun ƙaninsa, Madawaki Dagazau. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Mutanen gari kan ce cikin Kwatarma da ƙofarta duk gida ɗaya aka danƙa wa, kuma ba yabo suke nufi ba.

Nomau ba ɓarawo ba ne. Gara a faɗi wannan tun da fari, domin masu ba da labari sun saba ɗora masa abin da bai yi ba, su bar wanda ya yi. Shi dai mutum ne mai son ya buɗe ɗaki ya gan shi a cike. Ba ya sa manyan riguna, ba ya tara dawaki, amma in aka zube kuɗin haraji a gabansa, ƙarar wurin kaɗai takan sa fuskarsa ta saki.

Bayan kaka, a shekarar da muke magana, wani madugu mai suna Cindo ya iso daga kudu da ayarin jakuna wanda kansa ya shiga ƙofar gari wutsiyarsa tana daji. Babu goro a kayansa, babu gishiri, babu tufa. Wuri ne zalla, keso a kan keso, wato buhunan tabarma da kowanne ke cin wuri zambar ashirin, dubu ashirin ke nan. Wurin ma ba irin wanda aka sani ba ne, ya fi girma, bayansa da ɗan shuɗi. Sarkin Kasuwa ya ciza, ya jujjuya, ya ce wuri dai wuri ne. Madugun ya ce abu ɗaya yake nema, gero, kuma zai biya ninki biyu na kuɗin kasuwa.

Majalisa ta zauna, Sarki ya yarda a sayar masa da rumbu ɗaya cikin kowane uku, kada a wuce. Aka sayar. Baitulmali ya cika har aka gina sabon ɗaki.

Ba a jima ba Madugu Cindo ya sake dawowa, ya sake ninka kuɗin. Wannan karon bai bi ta fada ba, gidan Ma'aji ya sauka. Nomau ya yi lissafinsa, lissafin kuwa a ido ba shi da aibu. In ya sayar yanzu da tsada, ya aika ƙauyuka a sayo da araha, rumbu zai koma yadda yake, ga riba ga Sarki, ga suna gare shi. Masu gadin rumbunan bayinsa ne. Aka kwashe na biyu, aka kwashe na uku, aka mayar da murafe aka yaɓe su da laka kamar ba a taɓa ba. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne yaran madugun sun riga shi zuwa ƙauyukan, kasuwa bayan kasuwa, suna zuba wuri suna ɗaukar dami. Da mutanensa suka fita sayayya, suka tarar gero ya yi fiffike.

Akwai tsohuwar doka a Kwatarma. Duk wanda ya wofintar da rumbun tsimi ba da bakin Sarki ba, a cikin rumbun nan za a sa shi, a yaɓe murfin a kansa. Ba a taɓa zartar da ita ba, domin ba a taɓa samun wanda ya gwada ba. Tun daga ranar nan Nomau ya daina bin hanyar bayan fada.

Wuri kuwa ya cika gari. Da farko murna aka yi. Masaƙi ya sayi doki, maroƙa suka yi ƙiba, kowa ya ga kansa attajiri. Amma kafin bazara ta tsaya, kazar da ake saya wuri ɗari ta kai ɗari biyar, ta haura zambar. Mace kan tafi kasuwa da ƙwarya cike da kuɗi a ka, ta dawo da cefanen ƙulle a bakin zane. In za a sayi sa, masu ƙirga su fara da hantsi, kafin su gama mai san ya ce ya fasa, kuɗin sa ya tashi tun suna ƙirgawa. Tsofaffin da suka binne tukwanen wuri saboda likkafani suka tono, suka tarar ba su isa ƙyalle ba. Masu bin bashi suka koma ɓuya, waɗanda ake bi suna farautarsu gida gida don su biya. Manomin da ke da sauran hatsi ya toshe rumbunsa, ya rantse babu. Maƙera suka daina hura wuta sai an zo da mudu a hannu. Babu wanda ya ƙwace wa kowa komai, amma kowa ya wayi gari an yi masa sata.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Sarkin Burkunda, tsohon abokin gabar Kwatarma daga kudu, ya buga tamburan yaƙi. Madawaki Dagazau ya fita da dawakinsa ya tare Mashigin Kada. Amma ba dawaki ke riƙe mashigin nan ba, kowa ya sani. Maharban tsauni ne, waɗanda ake ɗaukowa haya duk shekara su zauna a kan gaɓa, duk wanda ya sa ƙafa a ruwa su mai da shi bushiya. Ladansu kuwa da wuri aka yanke shi, tun kafin wuri ya lalace.

A kwanakin nan ne ungulaye suka bar mahautar gari. Mahauta sun daina yanka, to, me ungulu za ta zauna jira? Aka ga sun tashi gaba ɗaya sun nufi kudu. Aka tambayi bokan fada, ya ce shi bai ga abin duba a nan ba, ungulu ba ta zuwa inda ba za a yi mata yanka ba.

Ranar da manzon Madawaki ya iso, majalisa tana zaune. Manzon wani Ba'abzine ne mai suna Agali, wanda aka zaɓa saboda raƙuminsa ya fi kowace dabba a sansanin gudu. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ƙurar hanya tana zuba daga rawaninsa.

Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Madawaki yana gaisuwa. Ya ce rundunar Burkunda ta sauka a ƙetaren gulbi. Ya ce cikin maharba ya fara kuka. Ya ce a taimake shi da wuri."

To, a nan gizo ke saƙar. In Bahaushe ya ce "da wuri" ya riƙe muryarsa a sama har ƙarshe, gaggawa yake nufi. In ya sauke ta a ƙarshen, kuɗi yake nufi. Yaron goye ma ya san bambancin. Amma Agali da girmansa ya koyi Hausa, harshensa kuwa bai san hawa da sauka ba, duk maganarsa a shimfiɗe take fita.

Galadima Tunau, dattijon majalisa, wanda ya yi wa sarakuna uku hidima, bai ma lura akwai abin tambaya ba. Ya gyara zama ya ce, "Zaki, wannan saƙo ba ya neman tafinta. Ciki ya yi kuka, ana neman gaggawa. Don irin wannan rana kakanninka suka gina rumbunan tsimi. A fasa su yau, a ɗora wa jakuna gero, kafin rana ta faɗi su kama hanya."

Nomau ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. Yana ganin abin a idonsa: dogarai sun hau tsani, sun fasa laka, sun leƙa. Bakinsa ya buɗe kafin zuciyarsa ta gama shawara.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Galadima ya yi magana irin ta manya, amma ina ganin ba a ji saƙon da kyau ba. Madawaki cewa ya yi a taimake shi da wuri, wato da kuɗi. Alkawarin maharba da wuri aka ƙulla shi, ba da dami ba. Ƙauyukan bakin gulbi kuwa suna da hatsi, kuɗin saye ne babu a sansani. Me zai sa mu taɓa ajiyar kakanni, alhali baitulmali yana neman fashewa?"

Galadima ya juyo ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya mai da fuskarsa ga Sarki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na tsufa, ƙila kunnena ya yi nauyi, amma idona bai mutu ba. Ma'aji ya ce baitulmali ya cika. Gaskiya ne. In ka ƙara wa fura ruwa, ƙwarya ce ke cika, ba ciki ba. Geron ƙasar nan bai ƙaru da ƙwaya ɗaya ba tun kaka, sai ma raguwa. Wuri ne ya yi yawa, yana bin ɗan abin da ya saura, shi ya sa kowane mudu yake neman ƙwarya guda. Talakanka ya yi noma, ya yi saƙa, ya yi tanadi, an biya shi da abin da ke narkewa a hannunsa. Yanzu kuma a ce za a aika wa mayunwaci irin wannan? Ni ban taɓa ganin an tuƙa tuwon wuri ba."

Sarki ya sa Agali ya maimaita. Bawan Allah ya maimaita, ya sake maimaitawa, yana ƙoƙarin gyarawa, kowace fita da irin tata. Fadawa suka fara ƙunshe dariya. Aka tambaye shi me ya gani da idonsa, ya ce shi manzo ne, abin da aka sa a bakinsa shi ya kawo.

Sarki Jangarau ba wawa ba ne, amma shi ma ɗakunan nan cike da wuri suna faranta masa rai, kuma babu sarkin da ke son a ce a zamaninsa aka fasa rumbun tsimi. Ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

Ya ce, "Nomau, nono ɗaya kuka sha da Dagazau. Babu wanda ya san harshensa kamarka a ɗakin nan. Me ƙaninka yake nufi?"

Nomau ya sani. Ya san yadda Dagazau ke magana in abu ya kai masa wuya, gajeruwa, ba roƙo, don kada manzo ya ga rauninsa. Ya san kuma akwai sauran gero a gidajen hakimai da cikin fada, wanda kalma ɗaya daga bakin Sarki za ta tara shi kafin la'asar. Amma Sarki ba zai faɗi kalmar nan ba sai ya ji rumbunan tsimi fanko ne, mai gaya masa kuwa mutum ɗaya ne. Nomau yana son ƙaninsa, wannan babu shakka. Sai dai a wannan lokacin tsoron laka ya fi ƙarfin son.

Ya ce, "Kuɗi yake nufi, Zaki."

Galadima ya sunkuyar da kai. Sarki ya ce, "Shi ke nan. Tunda kai ka ji saƙon, kai za ka kai amsar da hannunka."

Aka buɗe baitulmali aka yi ta ɗora wa jakuna keso. Nomau ya sa aka ninka ladan maharba har sau uku, yana gaya wa kansa cewa yawa zai rufe ƙarya. Mutanen gari suka tsaya bakin hanya suna kallo, ba guɗa, ba addu'a. A da, in an fito da keso ɗaya sai an sa dogarai. Ran nan ko yara ba su bi ayarin ba.

Hanya ta koya masa abin da majalisa ta kasa. Wuri yana da nauyi, jaki kuwa yana da ciki. A zangon farko aka sayi harawa da dusa da tsada. A na biyu labarin ayarin ya riga su isa, kuɗin ya ninka. A na uku masu harawa suka ce sai dai keso guda a kan abin da jaki goma za su ci. Ruwan farko ya sauka, hanya ta yi taɓo, tafiyar ta ƙara jinkiri, kowane jinkiri kuwa wani cin ne. Jakunan suna tafe suna cinye abin da ke bayansu. A ƙauyukan bakin gulbi, inda ya ce wa Sarki akwai hatsi, ya sa aka zube wuri a dandali ana shela. Mutane suka leƙo ta kan danga suka koma.

Da ayarin ya hango sansani, Dagazau da kansa ya fito tarye a ƙasa, ba doki. Ya rame har sulkensa yana lilo a jikinsa. Ya rungume wansa a gaban mayaƙa, abin da bai saba yi ba.

Ya ce, "Yaya! Na gaya musu ba za ka bar mu ba. Na ce musu muddin kai ke riƙe da rumbu, yunwa ba ta kashe mu."

Ya juya ya dafa kayan jakin farko. Kayan suka yi ƙara a ƙarƙashin hannunsa. Ya dafa na biyu, ya wuce na uku. Sannan ya dawo a hankali, ya ja wansa gefe inda ba mai ji.

"Ina geron?"

Nomau ya ce, "Manzonka cewa ya yi a taimake ka da wuri."

Dagazau ya ce, "Agali harshensa ne a karkace. Kai kunnenka ƙalau yake, Yaya." Ya tsura wa fuskarsa ido, har abin ya faɗo masa. Ya rage murya ya ce, "Rumbunan?"

Nomau ya kau da kai.

Madawaki ya share fuskarsa da tafin hannu. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, wanda da ya yi da Nomau ya fi samun sauƙi. Ya ce, "Kada kowa ya ji wannan a nan. Zo mu gwada."

Suka tafi wurin Sarkin Baka, shugaban maharban tsauni, wani dogon tsoho mai tsagar fuska. Aka zube keso a gabansa har suka yi tudu. Madawaki ya ce ga ladansu ninki uku, daga hannun Sarkin Kwatarma. Tsohon ya ɗebi wuri cikin hannu, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Madawaki, mun san kai namiji ne, abin da muka ci shi ka ci. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da muka ƙulla alkawari da ubangidanka, ladan maharbi ɗaya yana ciyar da gidansa damina guda. Yau ninki ukun nan ba ya sayen abin da zai kai shi gobe, ko da akwai mai sayarwa. Yarana hannunsu na rawa in sun ja tsirkiya. Ka saurara."

Suka saurara. Daga ƙetaren gulbi iska tana kawo ƙarar taɓare, mata suna dakan gero a sansanin Burkunda.

Sarkin Baka ya ce, "Sun aiko mana, mun ƙi. Mun ci gishirinku, ba za mu harbe ku ba. Amma ba za mu mutu a kan duwatsun teku ba."

A gaban idonsu maharban suka kwance tsirkiyoyinsu, suka rataya kwari, suka kama hanyar tsauni a jere. Ko mutum ɗaya bai ɗauki keso ba.

Masu leƙen asirin Burkunda sun gani. Da hantsin washegari tamburansu suka tashi, ƙahoni suka amsa, rundunar ta gangaro ruwa. Sahun farko suka shiga suna ɗaga garkuwoyi bisa kai saboda sabo, suna jiran ruwan kibau. Da suka kai tsakiyar gulbi ba abin da ya faɗo, sai suka sauke garkuwoyin suka yi kururuwa.

Dagazau ya sa an jera keson nan a bakin gaɓa, bisa juna, aka yi ganuwa da su. A faɗi gaskiya, wannan ne kaɗai amfanin da wurin ya yi a duk shekarar, domin ya tare masu da kibau fiye da yadda ya sayi hatsi. Dakarun Kwatarma suka tsaya a bayansa suka mai da sahun farko cikin ruwa, suka mai da na biyu. Gulbin ya canza launi. Amma tabarma ba dutse ba ce. Takubba suka farke buhunan, wuri ya kwararo ya rufe gaɓar fari fat, mutane da dawaki suka riƙa zamewa a kansa. Madawaki ya hau dokinsa ya ja barade suka faɗa inda tutar Burkunda take, yana kiran sunan garinsa. Ya kai tsakiyarsu, ya sare mai tutar. A nan dokin, wanda rabonsa da dawa an daɗe, ya durƙusa a ƙarƙashinsa bai sake tashi ba. Aka yi masa rubdugu aka ɗaure.

Da dakaru suka ga haka sai kowa ya yi ta kansa. Nomau yana kwance tsakanin jakuna lokacin da aka zaƙulo shi. Abin da ya tsaya masa a rai, ana jansa, shi ne mayaƙan Burkunda suna taka wuri har idon sawu, suna rige-rigen kwasar sirdi da takalma da tukwanen girki, babu wanda ya sunkuya ya ɗebi ko ƙwaya.

Sarkin Burkunda ya sauka a gindin wata tsamiya a gaɓar da ta zama tasa. A damansa, cikin alkyabba, Madugu Cindo ne zaune. Ya yi wa Ma'aji murmushi irin na tsohon abokin ciniki. Can gefe Dagazau yana durƙushe, hannuwa a baya, jini ya bushe a gefen fuskarsa.

Nomau ya faɗi ƙasa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ya kuwa ba ka. Ina roƙon fansar ƙanina. Abin da ya saura a ayarina naka ne, da abin da ke baitulmalin Kwatarma, ɗaki bayan ɗaki. Faɗi adadi."

Sarkin ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Ma'aji, kana so ka sayar mini da abin da na zubar a ƙofarka? Wurin nan a bakin teku jiragen fatake ke juye shi, har ya rasa mai so. Mun saye shi da araha, mun tura shi gabanmu kamar yadda ake tura barade. Ubana ya yi ta kawo dawaki mashigin nan, gulbi yana cinye su. Ni na aika jakuna, kai kuma ka buɗe musu ƙofa. Ba na gaggawar birninku, yunwa ta riga ni shiga."

Ya nuna Dagazau da sandarsa ya ce, "Wannan namiji ne, ba na son in ɓata shi a banza. Fansarsa gero dami ɗari biyar, kafin sabon wata ya tsaya. In wata ya tsaya babu gero, kansa zai iso muku a cikin keso. Abu ne mai sauƙi. Ka je ka faɗa a majalisa, Sarkinka zai ce a buɗe rumbun tsimi, shi ke nan."

Madugu Cindo ya sunkuyar da kai yana gyara bakin alkyabbarsa. Su huɗu ne a wurin suka san abin da ke cikin rumbun tsimi, suka kuma san abin da zai sami wanda ya tsaya gaban Sarki Jangarau ya faɗa.

Sarkin Burkunda ya ce, "Kai kuwa ba ma riƙe ka. Ka fi mana amfani a can fiye da mayaƙi dubu. A ba shi doki. A tattara masa wurinsa, a ƙara masa jaki ɗari daga namu, kada a ce ya zo wurinmu ya koma hannu rabbana."

Aka yi yadda ya ce. Da za a fita da shi, Nomau ya tsaya a gaban ƙaninsa. Yana so ya ce zai dawo, yana so ya rantse. Sunansa kawai ya iya kira.

Dagazau ya ɗago kai. Babu fushi a idonsa, babu kuma jira. Tun da ya iya magana bai taɓa kiran wansa da wani suna ba sai Yaya, ko a gaban Sarki.

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Ma'aji."

Ayarin ya juya arewa, jakunan suna tafe kayansu na ƙara. Nomau ya yi kuka a kan dokin, kuka na gaske, har masu kora suka kau da kai. Da hawayen suka tsaya, sai ya tarar bakinsa ya riga ya fara shirya abin da zai gaya wa majalisa. Jawabi ne mai kyau, da gaisuwa, da yabon jarumtar Madawaki, da tsinuwa ga maharban tsauni. Ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Babu kalmar gero a ciki.